Zanen Saƙin Inna

Abin da ya zaunar da ni ina tuna waɗannan abubuwa, wata mata ce da ta zo daga kudu tana bin gidajen Malanville tana tambayar tsofaffin tufafi. Ba ta cikin masu saye don su sayar, ba ta kuma cikin masu musanya tsumma da bokitin roba. Aikinta ta tattara suturar mutanen da, a kai wani gida can bakin teku da suke ce wa muze, a jera a bayan gilashi jama'a su riƙa zuwa kallo. Ranar da na fara jin labarin dariya na yi, na ce ashe mun kai zamanin da abin da uwayenmu suka ɗaura suka je biki da kasuwa ya zama abin kallo. Daga baya na daina dariyar, don na bi gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, ban samu gida guda da mazari ke juyawa a cikinsa ba.

A gidan da na tashi, in hantsi ya yi an gama daka an share tsakar gida, akwai ƙugin kamiyo, manyan motocin kaya, daga nesa suna jiran ƙetare gada zuwa Gaya, akwai kiran masu jirgi daga bakin kogin Kwara, a kusa kuma akwai ɗan kukan mazarin Inna yana juyawa cikin wata ƙaramar tasa da ta lotse. Auduga daga gonar kawuna take zuwa, can Madécali, a ɗaure cikin buhu. Ni ce mai gurza. In ɗora ta kan dutse in murza da ƙarfe har gurya ta fita, Inna ta karɓa ta shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi kamar kumfa, ta naɗe ta jera cikin taskira. Sai ta shafa alli a yatsu, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta ɗaga hannun hagu sama. Zaren yana fita daga tsakanin yatsunta kamar ba ita ke jan sa ba. Tana kaɗi tana sauraron maƙwabciya, tana kaɗi tana yi wa akuya tsawa, zaren bai taɓa sanin an yi magana ba.

Ni kuwa da aka ba ni mazari, abin da nake fitarwa wani wuri kamar igiyar guga, wani wuri kamar gashin jariri. In ya tsinke in yi jifa da shi in kumbura. Inna ba ta duka a kan kaɗi. Sai ta ce, "Ɗauko. Zare ba ya son fushi, in kin ja shi da zafin rai sai ya rama." In na gaji na gudu wajen wasa, sai ta kwance abin da na kaɗa ta dunƙule ta tura ƙasan taskira. Na ɗauka lagwanin fitila take yi da shi, ban taɓa tambaya ba.

Bayan girbi wani dattijo yakan zo daga Guéné da itatuwan saƙarsa a ka. Kowa Baba Masaƙi yake ce masa. Ya kafa masaƙa ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidanmu, ya yi wadari daga nan har bangon maƙwabta, ya zauna wata guda ko biyu. Tuwonmu yake ci, a zaure yake kwana. Ba mai yawan magana ba ne, goro ne kullum a kumatunsa, amma ƙoshiyarsa ba ta yin shiru daga safe har la'asar, tana shiga tana fita, ƙafafunsa suna hawa suna sauka. Matan unguwa su kawo zarensu, ya ɗaga ya duba a rana, ya san na wacce ce ba a faɗa masa ba. In ya ɗauki na Inna sai ya gyaɗa kai kawai. A bayan gari akwai marina, warin baba yana tarbonka tun daga nesa, kusa da su kuma masu bugu suna sauke sandunansu bi da bi har zane ya yi ƙyalli. Yau wurin nan shaguna ne. Yarinya ta zaɓi ɗinki a cikin wayar salula da safe, tela ya gama mata kafin magariba, ta sa sau biyu ta ce ya tsufa. Ba na zarginsu, don ni ce ta fari da ta juya wa waccan sutura baya a gidanmu.

Ni kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'yan Inna. Da aka yi mini aure, ta fara wani kaɗi na daban, siririn zare da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ta ce zanen da zan ɗaura ranar sunan ɗana na fari take tanadi. Damina biyu ta yi a kansa. Aka kai rini, Baba Masaƙi ya saƙa, aka haɗa ƙwarya-ƙwarya, wato siraran layukan saƙar, da allura, aka kai bugu. Saƙi ne, baƙi mai ɗigon fari kamar bayan zabuwa, da jan alharini siriri a baki. In ka ɗauka sai ka ji nauyinsa a kafaɗa. Zane ya samu, haihuwa kuwa shiru. Shekara ta bi shekara, an sha saiwa, an sha rubutu, an je likita har Kandi. Duk lokacin da na zo gida ido ya yi ja, sai Inna ta buɗe adaka ta ciro shi ta kakkaɓe ta shanya a inuwa, ta ce, "Kin gan shi nan, bai gaji da jira ba. Ke ma kada ki gaji." Shekara bakwai yana jira.

Allah ya kawo cikin a shekarun da aka soma jefa ƙuri'a, gari ya cika da taro da kiɗa, kasuwa ta cika da atamfa daga Kwatano, launi iri-iri da idonmu bai saba ba. Na dawo gida wanka, na haifi mace. Inna ce ke dafa ruwa, ita ke yi mini kunun kanwa, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Ƙawayena kuwa sun haɗa kai sun yanki atamfa iri ɗaya, rawaya mai manyan furanni, sun ɗinka mini tawa.

Ranar suna da safe, bayan an raɗa suna an yanka rago, ina zaune a ɗaki da ƙawayena biyu, Inna ta shigo da zanen a hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Ta turara shi, ƙamshin ya riga ta shigowa. Ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta ce, "Ga shi, ɗiyata. Yau ranarsa ta zo."

Ɗaya daga ƙawayen ta rufe baki da gefen mayafi. Dariyar ba ta fito ba, amma na gan ta a kafaɗunta. Na ji kunya ta rufe ni, kunyar da bai kamata in ji ba. Na ce, "Inna, an riga an ɗinka mini irin na ƙawayena. In na fita da wanga sai a ce kakar jaririya ce ta fito."

Ta dube ni, ta dubi atamfar da ke kan gado. Ta ce, "Nauyi gare shi, ko?"

Na ce, "Nauyi gare shi, kuma shuninsa yana zuba a jiki."

Ta shafa bakin zanen da tafin hannu. Ta ce, "To, ba komi. Ki sa abin da ranki ke so, yau ranarki ce." Ta ɗauka ta fita. Ba ta ƙara ko kalma ba, ranar nan ko bayanta. Ta yini tana rabon abinci tana amsa barka, duk wanda ya gan ta sai ya ce babu wadda ta kai ta farin ciki. Ni ma na yini cikin rawayata, ana ta yaba mu.

Ban lura da wuri ba cewa mazarin ya daina kuka. Da na tambaya ta ce ido ne, ba ta ganin siririn zare kamar da. Amma ina ganinta tana tsince shinkafa ba ta barin ko tsakuwa ɗaya. Da girbi ya zagayo Baba Masaƙi ya zo ya sauke itatuwansa, ta fita ta gaishe shi, ta ce bana babu zare. Ya zagaya unguwa bai samu abin da zai isa wadari ba. Ya ci tuwo, ya kwana biyu, ya ɗaure kayansa ya koma. Ba mu sake ganinsa ba. Atamfar nan kuwa kafin a yaye yarinya ta koɗe, ta koma majanyi, ta koma tsumman goge tukunya.

Da aka yaye 'yar, Inna ta ɗauke ta, a hannunta ta yi wayo, shi ya sa har yau Yaya take ce mini. Kullum ina cewa a raina in Salla ta zo zan ɗaura zanen in je gaishe da Inna. Salla ta zo in ce sai ta gaba. Shekarar da za a sa yarinyar lakwal, wato makarantar boko, Inna ta kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Aka kawo mini adakar. Na buɗe sau ɗaya, ƙamshin turarenta ya bugi fuskata, na rufe. Tun daga nan na hana kaina shi. Abin da ban ɗaura don ta gani ba, ba zan ɗaura don jama'a su yaba ba. Shekarar da Kwara ta cika ta shigo gidaje, ruwa ya taɓa gindin adakar, daga baya gara ta samu hanya. Ko shanyawa in zan yi, sai in kawar da kai.

'Yar nan ce, yanzu malamar lakwal a Kandi da 'ya'yanta uku, ta kawo mini matar muze har gida. Matar mutuniyar Zugu ce, tana jin Dendi, yaren garinmu, don haka babu tafinta tsakaninmu. Ta tuɓe takalmi ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. 'Yata ta ce, "Yaya, zanen nan na Inna da ke adaka, bari ta gani kawai."

Na ce gani ba ya ƙare abu. Na ciro shi. Matar ta wanke hannu, ta shimfiɗa farin ƙyalle kan tabarma tukuna ta buɗe zanen a kai. Ta ciro ɗan madubi mai ƙara girman abu, ta sunkuya. Ta fi sa'a guda tana bin sa ƙwarya-ƙwarya, ba ta ko sha ruwan da aka ajiye mata ba. Ta ce, "Mama, wannan ba tufa kawai ba ce. Wadda ta kaɗa zaren nan gwana ce, a wurinmu aikinta ɗaya yake da na masu sassaƙa da masu zanen da ake ratayewa a bango. Hannu ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe." Sai ta dakata a gefe, kusa da jan alharinin. Ta ce, "Sai dai nan. Ƙwaryar nan guda hannu dabam ne. Zaren yana kauri yana sirancewa, kamar na mai koyo. An kuma sa shi inda in an ɗaura zai kwanta a kan ciki. Da gangan aka yi. Kin san ko na wa ne?"

Na karɓi madubin na duba. Ban buƙace shi ba ma, yatsuna sun gane. Ga igiyar gugata, ga gashin jaririna, an rina su an saƙa su tsakiyar aikinta. Shekara ashirin da wani abu zanen yana ɗakina, ban taɓa buɗe shi gaba ɗaya ba balle in gani. Na ce mata, "Na wata yarinya ce marar haƙuri." Na tashi na shiga bayan ɗaki, na daɗe ban fito ba.

Matar ba ta matsa mini ba. Ta nuna mini inda gara ta ci da inda danshi ya fara cin zaren, ta ce in ya ƙara damina biyar a adaka zai soma rabewa da kansa. Ta ce in na ba su za su tsare shi, in ban bayar ba za ta koya mini yadda zan naɗe shi. Ta bar ni in yi shawara.

Kwana bakwai ina juya abin. Wata zuciya ta ce wannan kaɗai ya rage miki na uwarki, za ki miƙa wa baƙi su kai inda ba a san ta ba. Wata ta ce baƙuwar nan ta dube shi cikin sa'a guda fiye da yadda kika dube shi tsawon rayuwarki. Na tambayi 'yata ko za ta ɗaura in na bar mata. Ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce, "Yaya, zan ajiye dai." Na san irin wannan ajiya, ni na yi ta. Rana ta takwas na aika a kira matar. Ta yi maganar kuɗi, na ce ta bar wannan zance, Inna ba don kasuwa ta kaɗa ba.

Bayan watanni suka aiko mu je mu gani kafin a buɗe wa jama'a. Muka shiga kar, babbar motar fasinja, tun da safe, muka wuce Kandi, muka wuce Paraku, ƙasa tana canza launi, bishiyoyi suna ƙara tsawo, har muka isa inda iska ke da ɗanɗanon gishiri. Gidan babba ne, sanyi a ciki kamar randa. Ga riguna na sarakunan kudu, ga bantunan mafarauta, ga manyan riguna masu aska irin na kakanninmu, kowanne a tsaye babu mai shi. Babu ƙamshin turare, babu warin baba, babu ko na zufa. A wani lungu na hango shi. Sun ɗaura wa wani mutum-mutumi marar kai, ba a riga an rufe gilashin ba.

Na ce wa matar, "An ɗaura shi a karkace. Bakinsa hagu yake faɗawa, ba dama ba. Kuma ba a matse saƙi haka, ana barinsa ya zauna da nauyinsa."

Ta ce in gyara musu. Na gwada, hannuna ya ƙi, don bai san ɗaura wa itace zane ba. Ta je ta yi magana da babbansu ta dawo, ta ce, "Mama, ki ɗaura a jikinki mu gani, sai mu kwaikwaya."

Suka kai ni wani ɗan ɗaki, daga ni sai ita sai 'yata. Na ɗaura. Nauyi gare shi, gaskiya na faɗa a wancan lokaci, amma irin nauyin hannun da aka ɗora maka a kafaɗa ne. Tsawonsa daidai ni, bai ja ƙasa ba, bai ɗage ba. Ashe Inna ta auna ni da ido tun ina amarya, ba ta kuskure ko yatsa ɗaya ba. Na tsaya ina kallon ƙafafuna, ƙafafun tsohuwa. 'Yata ta ce, "Yaya, ya yi miki kyau. Mi ya sa ban taɓa ganinki da shi ba?"

A nan na faɗa mata, a tsaye, da zanen a jikina. Na faɗa mata shekara bakwai ɗin, da safiyar sunanta, da abin da na ce, da abin da Inna ta amsa. 'Yata ta matso kusa da ni. Ta durƙusa ta gyara mini bakin zanen a ƙasa, ta daɗe a durƙushe, ina jin goshinta a gwiwata. Matar ta juya mana baya tana duba takardunta har muka gama.

Da na kwance, shuni ya ɗan taɓa farar rigata ta ciki. Suka mayar da shi kan mutum-mutumin yadda na nuna. Sai matar ta kawo wata 'yar takarda da za a liƙa a gefe, ta ce yawancin kayan gidan nan an rubuta musu ba a san mai aikin ba, ita kuwa ba ta son a yi wa wannan haka. Ta tambayi sunan Inna. Tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Na faɗa a hankali, ta rubuta, ta karanta mini, na ji shi kamar sunan baƙuwa. Ta ce, "Saura masaƙin."

Mutumin ya ci tuwonmu shekara da shekaru, na kai masa ruwa ba adadi, ban san sunansa ba.

Da muka dawo na huta kwana biyu, na hau zem, babur ɗin haya, zuwa Guéné. Na bi majalisun dattawa, na shiga gidaje ina kwatance: dogo, mai goro a kumatu, yana zuwa Malanville bayan girbi. Wani ya tura ni wajen wani. A ƙarshe aka kai ni wurin wani tsoho da ido ya tafi, aka ce ubansa masaƙi ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Baiwar Allah, a da rabin unguwar nan masaƙa ne, kowa dogo, kowa da goro, kowa yana tafiya bayan girbi. Wanne daga ciki?" Na tambaya ko akwai sauran masaƙa a garin ko da ta ajiya ce. Ya ce ta gidansu an yi girki da itacenta tun yana gani.

Na sa 'yata ta kira matar a salula, na faɗa mata ban samu ba. Ta ce to, za ta rubuta wani mutumin Guéné. Na ce a'a, kada ta rufe wurin, ta bar shi fari kusa da sunan Inna, ko Allah zai kawo wani jikansa ya gane aikin kakansa. Ta ce za ta bari. 'Yata ta koma can da ɗalibanta bara, na tambaye ta da ta dawo. Ta ce mutane suna tsayawa sosai a gaban zanen, wurin sunan kuwa yana nan fari.